Yadda Jiki Ke Samun Ƙarfi Daga Abinci, da Haɗarin Hayaƙi a Rufaffen Ɗaki

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai abinci ba ya zama ƙarfi a jiki sai ya haɗu da iskar oksijin da muke shaƙa.

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, ko ya sha fura, hanji kan narkar da su zuwa wani nau'in sukari mai suna gulukos. Jini ne ke kai shi ga ƙwayoyin halitta, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, waɗanda ido ba ya iya gani.

A cikin ƙwayar, ana fara raba gulukos gida biyu. Wannan mataki ba ya buƙatar oksijin, amma ƙarfin da yake bayarwa kaɗan ne: guda 2 kacal na sinadarin ATP, wanda da shi jiki ke gudanar da kowane aiki. Daga nan sai aikin ya koma wani sashe na ƙwayar mai suna mitokondiriya, wanda yake tamkar murhu. A nan ake ƙarasa ƙona sukarin da taimakon oksijin, a samu ATP kimanin 30, a bar ruwa da gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa a numfashi. Masanin kimiyya Hans Krebs ne ya bayyana wani muhimmin ɓangare na wannan aiki a 1937 a Ingila.

Saboda haka duk abin da ya tare oksijin ya kashe wutar murhun. Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki, domin ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki.

Hayaƙin janareta da garwashin gawayi na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200, don haka sai ta ƙwace wurinsa. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci na iya wucewa bai farka ba.

Ana kira ga mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni da su ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga. Haka kuma mutanen karkara su guji kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Wanda hayaƙi ya bugar, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya na da sashen kulawar gaggawa.

Ana roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su isar da wannan saƙo ga jama'arsu.