Kushewar Kakanni A Cikin Gona

Duk mai yawon duba gonaki a ƙauyukanmu ya san irin wurin nan: ɗan tudu a kusurwar gona, sabara ta rufe shi, ga tsohuwar kuka, ga fasassun tukwane sun leƙo daga ƙasa. In ka tambaya a ce maka kushewa ce. In ka ce ta su wa, sau da yawa sai a yi shiru.

A da, gida guda ya kan zauna tsakiyar gandunsa nesa da gari, in an yi rasuwa sai a binne a bayan gida. Bayan zamani rijiya ta ƙafe, ko hanyar mota ta bi wani waje, mutane suka tashi, gida ya zama kufai, kufai ya zama gona. Gona mai kyau ma kuwa, gama toka da taki sun daɗe suna taruwa a wurin.

Sa'ad da a ke noma da fartanya da garmar hannu babu abin tsoro, don mai noma yana ganin inda ya ke sara, ubansa kuma ya nuna masa wurin. Tarakta ce ta zo da magana. Garmarta ta kan nutse har kusan ƙafa guda, direba kuwa baƙo ne, sauri ya ke yi. Kabarinmu ba siminti, ba allo, itatuwa ne ko tukwane bisa 'yar kabari, sa'an nan tulin ƙasa. In ya daɗe, ruwa ya baje tulin, gara ta cinye itacen, nauyin tarakta kaɗai ya isa ya rufta shi. To, ga alama: kabari kudu da arewa ya ke kwanciya, kai a kudu, fuska gabas. In ka ga 'yan lotsattsun wurare jere, tsawon mutum, duk sun miƙe haka, dakata.

Kafin ruwa ya sauka a kafa shingen bini-da-zugu ko dashi kewaye da wurin, a dasa jema ta gefen da ruwa ke gangarowa don hana zaizaya. Kada a ji ƙyashin filin. Mita 10 tsawo, 10 faɗi, kashi 1 ne cikin 100 na hekta, abin da zai ba ka bai wuce 'yan mudu ba.

Amma shinge ba ya faɗin suna. Sarakuna suna da maroƙa da marubuta. Durbi Takusheyi da ke ƙasar Mani har tono aka yi a 1907 don neman labarin masu wurin. Talaka kuwa salsalarsa a kan tsofaffi ta ke, musamman mata, su ne suka san wadda aka aurar wani gari da wanda ya tafi cin rani bai komo ba. Malaman ofis da 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Ku zauna da tsohuwar gidanku da littafi, boko ko ajami, ku rubuta sunan kowane mamaci da laƙabinsa, da ubansa, da garin da suka fito, da irin zanen fuskarsu, da inda ya ke kwance. Ba za ta san shekara ba, amma ta san ko kafin farin 1973 ne ko bayansa. Na can baya kuwa a auna da isar jirgin ƙasa Kano, 1911, ko yunwar 1914.

Littafin nan yana da rana. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gona a karkara, amma gonakin gado da yawa har yau ba su da ita. In rigima ta tashi, za a tambayi wanda ya fara sare dajin da yadda gona ta gangaro hannunka.

'Yan kasuwa masu sayen gona kuma, ku tambaya tun ba ku biya ba. In akwai kushewa, a auna ta, a rubuta cikin takardar ciniki cewa ban da ita, dagaci ya sa hannu.