Shin Ko Kun San? Gudun Fanfalaki da Hunturun Ƙanƙara

Shin ko kun san cewa mutumin arewacin Amurka da ke son shiga gasar gudun fanfalaki ta Boston, dole a tsakiyar hunturu zai sha wuyar atisayensa? Tun 1897 ake yin gasar, kuma a yau ranarta ita ce Litinin ta uku a watan Afrilu. Shirin gudun kilomita 42.195 kuwa yakan ci mako 16 zuwa 20. In kun ƙirga baya za ku faɗa cikin Disamba. Ke nan Janairu da Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ke tsibi a gefen titi, su ne watannin da mai gudu ke fita doguwar tafiyarsa ta ƙarshen mako, kilomita 30 ko fiye. Haka lamarin yake ga masu shirin gasar Landan da ta Paris a Afrilu, da ta Tokyo a farkon Maris. Ga kuma duhu: a Disamba, ƙarfe 4 da 'yan mintuna rana take faɗuwa a Boston. Kafin ma'aikaci ya tashi daga aiki gari ya rufe, sai ya ɗaura fitila a goshi, ya sa riga mai ƙyalli don kada mota ta yi awon gaba da shi.

Shin ko kun san cewa sanyi abokin mai gudu ne? Cikin ƙarfin da tsokar jiki ke ƙonawa, wajen kashi uku cikin huɗu zafi yake zama, ragowar ce kawai ke tafiyar da ƙafa. Babbar matsalar mai dogon gudu ita ce yadda zai fitar da wannan zafin. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya duba sakamakon mutum kusan miliyan 1.8 a manyan gasanni shida na Turai da Amurka, ya gano cewa an fi yin sauri idan yanayi yana tsakanin digiri 4 zuwa 10 a ma'aunin salshiyos. Abin da mu muke kira jaura, mu hura wuta mu kewaye ta, su shi suke roƙo. Da Eliud Kipchoge na Kenya zai yi gudun fanfalakin nan nasa na awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna, ranar 12 ga Oktoba 2019, da gangan aka zaɓi sanyin safiyar kaka, digiri bai kai 10 ba lokacin da ya tashi.

To me ke kayar da mutane, in ba sanyin ba? Jiƙa da iska. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da busasshiyar iska har ninki 25. Sabon shiga yakan leƙa taga ya ga fari fat, ya jibga riguna, da singiletin auduga a can ciki. Kafin kilomita 5 ya jiƙe sharkaf da zufa. Auduga kuwa in ta sha ruwa ba ta saki. Da ya rage gudu ko iska ta taso, rigar da ya sa don ɗumi ita za ta koma tana zuƙe masa ɗumin. Idan zafin cikin jiki ya sauko daga 37 zuwa ƙasa da 35, makyarkyata ta fara, harshe ya yi nauyi, hankali ya soma gushewa, har mutum ya kasa gane cewa yana cikin hatsari. Shi ya sa tsofaffin hannu suke cewa ka yi shiga kamar yanayin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10. In ka fito ƙofar gida ba ka ji ɗari ba, ka sa kaya da yawa, koma ka rage. Rigar ciki ta zama ta ulu ko ta zaren roba mai fitar da gumi, ta sama kuma siririya mai tare iska, da zif da za a iya zugewa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi, kuma a ganina ta fi rigar dala 200 amfani: ka fara gudu kana fuskantar iska, lokacin da jikinka yake bushe, ka dawo tana bayanka bayan ka jiƙe.

Shin ko kun san cewa maganar da ake yi wai rabin ɗumin jiki ta kai yake fita, ba gaskiya ba ce? Wajen kashi 10 cikin 100 ne, daidai da girman kan. Hular sanyi dai tana da aikinta, saboda kunne. Idan sanyi ya tsananta, jiki yakan janye jini daga gefe ya tara shi a tsakiya, sai a bar yatsu da kunne da hanci a maraice. In sanyi da iska suka haɗu suka kai kamar digiri 28 ƙasa da sifili, cikin rabin awa fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa. Safar hannu mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama wuri guda suna ɗumama juna, ta fi mai raba yatsu.

Huhu fa, yana daskarewa? A'a. Kafin iska ta wuce hanci da maƙogwaro ta isa can ƙasa, jiki ya riga ya ɗumama ta. Abin da ke ƙona ƙirji ya kawo tari shi ne bushewarta, don iskar sanyi ba ta riƙe laima, sai ta yi ta tsotse damshin maƙogwaro. Duk wanda ya taɓa sassarfa da asuba a hunturun Kano ko Damagaram ya san wannan kaikayin, da leɓen da ke tsagewa. Maganin ma kusan ɗaya ne: su ma basilin suke shafawa a kumatu da leɓe, su ja ƙyalle su rufe baki da hanci. Masu tseren sulu a kan dusar ƙanƙara, waɗanda suka shekara da shekaru suna zuƙar irin wannan iskar, suna cikin 'yan wasan da cutar asma ta fi kamawa.

Shin ko kun san cewa sanyi yana ɓoye ƙishirwa? Bincike ya nuna tana iya raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, alhali mutum yana zufa a ƙarƙashin riga, tururin bakinsa ma ruwa ne ke fita, ga yawan fitsarin da sanyi ke jawowa. Gorar ruwa kuma bakinta kan toshe da ƙanƙara, don haka cikin riga ake soke ta.

Takalmi yana da nasa labarin. Masu gudu a garuruwan ƙanƙara sukan je shagon kayan gini su sayo gajerun ƙusoshi masu murɗi, irin na ɗaure kwanon rufi, su kifa tsohon takalmi su murɗa goma ko fiye a gefen tafinsa, kawunan suna waje. Kan ƙusar shi ke cizon ƙasa. A kan kwalta sai ka ji mutum yana tafe ƙwas-ƙwas kamar doki. Abin tsoron ba farar dusar da ido ke gani ba ne. Siririn ruwan da ya narke da rana ya sake daskarewa da dare a kan kwalta, ya saje da ita, shi ke karya ƙugu da wuyan hannu.

Shin ko kun san cewa na'urar gudu a wuri ɗaya, wadda suke fakewa da ita ranar da waje ya gagara, kakarta kayan azabtar da fursuna ce? A 1818 wani injiniyan Ingila, William Cubitt, ya ƙera ta don gidajen kurkuku. Amma ta yi wa wasu rana. Ingrid Kristiansen ta Norway ta girke ɗaya a gidanta tana gudu a kai duk hunturu, tana haɗawa da sulu a dusar ƙanƙara. A 1985 ta je Landan ta yi awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 6, bajintar da ta shekara 13 babu macen da ta karya. Christine Clark kuma, likita ce a Anchorage ta jihar Alaska, mai shekara 37 da 'ya'ya biyu. Mafi yawan shirinta a ɗaki ta yi shi. Ranar zaɓen wadda za ta wakilci Amurka a Olamfik ta 2000, a jihar South Carolina, sai gari ya yi zafi. Fitattun suka narke, ita da ta saba da zufar ɗaki ta wuce su duka. Emil Zátopek na Czechoslovakia, shi ko a jikinsa: takalman soja yake sawa ya kutsa cikin dusar daji. A Helsinki a 1952 ya ci zinariya a mita 5,000 da mita 10,000 da fanfalaki, abin da har yau babu wanda ya maimaita a Olamfik guda.

Ranar da hunturu ya biyo masu gudu har filin gasa ita ce 16 ga Afrilu 2018. An tashi gasar Boston daga garin Hopkinton digiri bai wuce 4 ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska tana dukan fuska tun daga farko har Boston. Zakaru da dama suka ajiye gudu a hanya, sama da mutum 2,000 suka ga likita, akasarinsu don sanyi ya shige su. Geoffrey Kirui na Kenya, mai riƙe da kambun, ya ba da rata mai yawa, amma wajen kilomita 40 ƙafafunsa suka ƙi. Wanda ya wuce shi ma'aikacin ofis ne a wata makarantar sakandare a Saitama ta Japan, Yuki Kawauchi, wanda ba shi da koci kuma ba shi da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa. Ya gama a awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58. Rabon da ɗan Japan ya ci Boston tun 1987, shekarar da aka haife shi. Mutane suka ce sa'a ce. Sai dai ranar 1 ga Janairun wannan shekarar, Kawauchi ya je garin Marshfield, kudu da Boston, ya yi cikakken gudun fanfalaki a digiri 17 ƙasa da sifili cikin ƙasa da awa 2 da minti 20, kuma shi kaɗai ne ya kai ƙarshe.

A ɓangaren mata, Desiree Linden, wadda ke atisaye a jihar Michigan mai tsananin sanyi, tun farkon tseren ta yanke cewa ba za ta ƙarasa ba. Har jinkirtawa ta yi ta jira 'yar ƙasarsu Shalane Flanagan da ta shiga bayi, don ta taimaka mata su kamo na gaba. Garin taimakon ne ta ga jikinta ya saki, ta ci gasar da rigar ruwanta a jiki, Ba'amurkiya ta farko tun 1985. Wani abin lura: duk da wannan bala'in, kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka tashi sun ƙarasa, kuma maza sun fi mata zubar da gudu.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi muni. A 1976 zafi ya doshi digiri 38 ranar gasar, mutanen unguwa suka fito da mesar ban ruwan fulawa suna feshe masu gudu. Jikin da ya yi wata huɗu a ƙanƙara bai san zufa mai yawa ba, kuma sabo da zafi yana buƙatar kwana 10 zuwa 14. Don haka a makonnin ƙarshe za ka ga wasu suna ƙara riguna da gangan, ko suna zaman ɗakin turara.

Shin ko kun san cewa tsofaffin rigunan sanyin da masu gudu ke tuɓewa su yar a bakin layin tashi, tattara su ake yi a ba mabuƙata? Mayafin nan mai ƙyalli da ake yafa musu a ƙarshe kuma, daga fasahar hukumar NASA ya samo asali, a 1964.

Hukumar wasan sulu ta duniya tana dakatar da tseren dogon zango idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Masu gudun fanfalaki ba su da irin wannan dokar ta bai ɗaya. A Siberiya ana ƙetare tafkin Baikal da gudu, daga gaɓa zuwa gaɓa, a kan ruwan da ya daskare. A yankin Oymyakon na Yakutiya kuwa, a watan Janairu suke yin tasu gasar, a wajen digiri 50 ƙasa da sifili, inda masu gudu ke isowa gashin ido da gira duk sun yi ƙanƙara.