Ƙasar Da Ba Ta Cikin Taswira, Amma Ta Kai Mutane Rajistar Zaɓe

Mai karatu, ko ka duba taswirar Afirka tun daga Masar har Afirka ta Kudu, ba za ka ga wata ƙasa wai ita Wakanda ba. Ƙasar tatsuniya ce ta cikin fim ɗin Black Panther, wanda Ryan Coogler ya shirya, ya fito a Amurka cikin Fabrairu 2018. Marigayi Chadwick Boseman ne ya fito a matsayin Sarki T'Challa, jarumi baƙar fata, mai mulkin ƙasar da Bature bai taɓa mallaka ba, wadda kuma ta fi kowa kimiyya.

To, mene ne abin mamaki a nan? Shekara da shekaru yaron baƙar fata a Amurka yana shiga sinima yana ganin mai ceton duniya fari ne. Mai kama da shi kuwa, galibi ko ɗan rakiya ko ɓarawo. Abin da ido ya saba gani, shi zuciya ke ɗauka gaskiya.

Shi ya sa tun kafin fim ɗin ya fito wani mai suna Frederick Joseph ya buɗe asusun taimako domin a kai yaran unguwar Harlem kallo kyauta, wasu garuruwa kuma suka yi koyi da shi. Wasu mata uku, Kayla Reed da Jessica Byrd da Rukia Lumumba, suka ga taron jama'a bai kamata ya watse haka kawai ba. Suka shirya masu sa kai a gidajen sinima suna yi wa masu kallo rajistar zaɓe. Abin dariya, a Wakanda ba a jefa ƙuri'a, da kokawa ake cin sarauta!

A ƙarshen fim ɗin T'Challa ya yi shirin buɗe wa yaran talakawan Oakland cibiyar koyon kimiyya. Kamfanin Disney ma ya ba ƙungiyar Boys & Girls Clubs dala miliyan 1 domin irin wannan aiki. Madalla. Amma fim ɗin ya samo fiye da dala biliyan 1.3, saboda haka a ganina wannan lasar baki ce kawai. Aikin matan nan uku ya fi burge ni, domin wanda ya yi rajista a ƙofar sinima yana da ta cewa ranar zaɓen magajin garinsu.