Kusurwar da Ta Ƙi Kwanciya

Ranar da na gama bargon faci-faci na gudummawar auren ƙanwata, a shimfiɗe yake lif kamar tabarma. Wanki ɗaya ya sha. Da ya bushe, sai ga kusurwa ɗaya tana jan ƙasa, ɗaya ta ɗage, ɗinkin tsakiyar shafin kuma ya tattare kamar bakin zariya.

Keke na fara zargi. Na canja allura, na gwada a wani ƙyalle, ɗinki ya fito sumul. Guntayen atamfar da ke sama kuwa duk na jiƙa su tun kafin in yanka. Saura shafi. Farin yadin auduga ne daga kasuwar Kwari, faɗinsa inci 45, bargon kuma inci 80, dole na haɗa falle biyu. Shi kaɗai ne ban wanke ba, wai ni ina jin tausayin sabon yadi.

Na naɗe bargon da ragowar yadin na kai wa Goggo, wadda ta yi shekara talatin a kan keke. Ba ta ko kalli bargon ba. Ragowar ta ɗauka, ta sa farce ta zaro zare ɗaya daga bakin da na yanka. Ya taho kamar taƙi guda, sai ya nutse cikin yadin.

"Ke 'yar nan, da me kika yanka wannan?"

"Da tef da alli, Goggo. Ku duba, a miƙe yake."

"A miƙe a idonki dai."

Ta ɗan tsaga gefen da almakashi, ta kama da hannu biyu ta fizge, kyaat! Tsirin da ya fita inci ɗaya ne a wannan baki, kusan huɗu a wancan.

Ashe a masana'anta ana jan yadi, a sa masa sitati, a naɗe shi, har zaren kwance ya karkace ya sandare a haka. Almakashi layin alli yake bi, yana tsallake zaruruwa. Yaga kuwa ba ta da hanya sai ta zaren. Da ruwa ya cire sitatin, kowane zare ya koma mazauninsa, ya ja kusurwa ya tafi da ita.

"To tattarewar tsakiyar fa?"

Ta miƙo mini gefen saƙa, ta ce in ja. Ko motsi bai yi ba. Saƙarsa ta fi ta jikin yadin matsewa, ba sa tsukewa daidai, ni kuma gefe da gefe na haɗa na bi da keke. Ta ce in yage shi, in datse bakin da ya yi gashi, in goge, sannan in haɗa. Amma ta gargaɗe ni kada in kuskura in gwada yaga a leshi ko yadi mai roba.

Dare biyu na yi ina farke ɗinki. Tsirin nan kuwa Goggo ta hana ni shi, ta ɗaure bakin buhun gero da shi.