Tsanin da ke cikin waya: yadda jarumin wasa ke hawa mataki

Arlit gari ne da ya san ma'anar mataki. Tun da kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma ya bi sahu a 1978 da ramin Akouta na ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, rayuwar ma'aikaci a tsani take. Mutum yakan shiga aiki yana lebura, ya koyi sarrafa inji, ya zama shugaban ƴan aiki, albashinsa da irin gidan da kamfani ke ba shi su bi matsayinsa. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya daina haƙa saboda ma'adinin ya ƙare, tsanin ɗaruruwan magidanta ya karye a rana ɗaya. Ƴaƴansu da ke zaman fada ana dafa shayi suna riƙe da wani tsanin a wayar salula, wanda a ganinsu ba ya karyewa kuma ba ya saɓa alkawari. Wannan cika alkawarin shi ne daɗin wasannin, shi ne kuma haɗarinsu. Wanda ya san yadda aka ƙera tsanin zai hau shi da idonsa a buɗe.

Irin wasan da ake magana a kai shi ne wanda ake kira RPG a taƙaice, wato wasan shiga rigar jarumi. Ana ba ka mutum ɗaya a cikin allo, rarrauna, da ƴar sanda ko tsohuwar wuƙa, ka bi shi cikin labari har ya ƙasaita. Duk abin da ya aikata, ko kayar da dodo, ko isar da saƙo, ko gano sabon gari, sai a rubuta masa maki, wanda ake kira makin gogewa. Idan makin ya cika wani adadi sai jarumin ya hau mataki na gaba, jininsa ya ƙaru, bugunsa ya yi nauyi, ƙofofin da ke rufe su buɗe masa. Dabarar ta girmi kwamfutar gida. Ta samo tushe daga Dungeons & Dragons, wasan takarda da fensir da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Japanawa suka ɗauke ta suka sa a akwatin wasa da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Yau har wasannin harbi irin su Free Fire, waɗanda ba na wannan gida ba ne, sun ari lambar mataki da sandar da ke cika sannu a hankali.

Asirin yana cikin lissafi, kuma ba a daidaita tazarar matakan ba. A Pokémon, wanda ya fito a 1996, akwai rukunin halittun da ake samun makinsu ta ninka lambar mataki da kanta sau uku. Mataki na 10 yana buƙatar maki 1,000, na 20 yana buƙatar 8,000, na 50 yana buƙatar 125,000, na 100 kuma 1,000,000. Ke nan wanda ya kai mataki na 50 yana ganin ya yi rabin tafiya, alhali kashi ɗaya cikin takwas kawai ya tara. Taki ɗaya tak daga 99 zuwa 100 yana cin maki 29,701, fiye da duk abin da aka nema daga farko zuwa mataki na 30. Misalin da zai fi shiga kunnen mutumin Arlit yana cikin RuneScape, wasan intanet na 2001, domin haƙar ma'adini na cikin sana'o'insa. A tsohon tsarinsa, wanda har yanzu ake bugawa da sunan Old School RuneScape, sabon shiga yana fara da jan ƙarfe da kuza, kuma duwatsu biyar sun ishe shi hawa mataki na biyu, tunda maki 83 kawai ake nema. Baƙin ƙarfe sai a mataki na 15, kwal a 30, zinariya a 40. Ƙololuwa, wato 99, tana buƙatar maki 13,034,431, rabin wannan adadi kuwa sai a mataki na 92 ake cika shi. Da gangan aka yi haka: a sauƙaƙa farko don sabon shiga ya ɗanɗani nasara cikin mintuna, a tsawaita ƙarshe lokacin da ya riga ya zuba kwanakin da ba zai so su tafi a banza ba.

Gwaninta kuwa hanya biyu ake raba ta. Ta farko ita ce bishiyar gwaninta, wadda Diablo II na shekarar 2000 ya yaɗa: kowane hawa yana ba ka maki ɗaya, ka zaɓi reshen da za ka sa shi, ko takobi, ko baka, ko warkarwa, kuma manyan rassa ba sa buɗewa sai an ciyar da ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Makin ba ya isar kowane reshe, taura biyu ba ta taunuwa, saboda haka jaruman mutum biyu da ke mataki ɗaya sukan fito daban. Hanya ta biyu ita ce abin da ka yawaita yi shi ke ƙaruwa. A Skyrim na 2011 akwai fannoni 18, mai yawan harbi da baka ya ƙware a baka, mai yawan ƙira ya ƙware a ƙira. Wannan ya fi kama da rayuwa, amma nan da nan ƴan wasa suka gano kafa: sai su yi ta ƙera ƙaramar wuƙar ƙarfe ɗaruruwa har jarumin ya zama shugaban maƙera, abin da ya sa kamfanin Bethesda, mai wasan, ya gyara lissafin ya ɗaura makin a kan darajar abin da aka ƙera. Maƙerin azurfa na Agadas ba zai yi mamakin gyaran ba. Ya san yaron da ya shekara yana hura zugazugi bai zama gwanin zubi ba sai hannunsa ya taɓa aiki mai wuya.

A nan gaskiyar lamarin take. Hawa mataki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo tana da izu sittin, tana da kolo da titibiri da gardi, har zuwa alaramma da gwani. Yaron gareji yana fara da wankin ƙarafa da miƙa sifana kafin a bar shi ya buɗe inji. Amma a waɗannan wuraren abin da ya ƙaru yana cikin kan yaron da hannunsa, duk inda ya je da shi zai tafi. A wasa kuwa lambar ce ta ƙaru. Jarumin mataki na 60 yana kayar da dodon da ya gagare shi a mataki na 10 ko da mai riƙe da wayar bai ƙara wayon komai ba, domin bugun da a da yake cire 20 yanzu 2,000 yake cirewa. Wasu wasannin ma, kamar Oblivion na 2006, suna ƙara wa abokan gaba ƙarfi duk lokacin da jarumi ya hau, ta yadda lamba na girma amma gwagwarmayar tana nan yadda take. Abin da ake sayarwa shi ne jin cewa ana ci gaba, kuma ji ne mai ƙarfi ga saurayin da ya gama makaranta ya kai takardunsa wurare bai ji amsa ba, ko wanda ya je haƙar zinariya a Tchibarakaten ya dawo da ƙura kawai. A can ana iya yin wata ana haƙa ba a ga komai ba. A cikin waya kowane sara da ladansa.

Masu kare wasa za su ce an rage masa daraja, kuma suna da hujja. Zaɓen reshe a bishiyar gwaninta tsari ne na gaske, da auna riba da hasara, da haƙurin tanadi. Elden Ring na 2022 yana zubar da duk makin da ba a kashe ba idan jarumi ya mutu, ya ba shi dama ɗaya ya koma ya ɗauko, kuma manyan abokan gabansa suna tilasta wa mai wasa ya karanci motsinsu. Yaro yakan tsinci Faransanci ko Ingilishi daga labarin wasa. Duk wannan gaskiya ne, amma yana ƙarfafa maganar ne, domin ya nuna ma'aunin da za a riƙe: shin wasan yana neman tunaninka, ko lokacinka kawai yake ci? Maimaita aiki ɗaya sau dubu don cika sanda, abin da ƴan wasa da kansu ke kira niƙa, ba ya koyar da kowa komai. Ya fi muni a wasannin waya na kyauta, inda ake tsananta hawan da gangan sannan a sayar maka da gajeriyar hanya ko akwatin sa'a. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi a matsayin caca tun 2018.

Daga ɗaya ɓangaren iyaye za su ce a hana baki ɗaya. Damuwarsu tana da tushe, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Sai dai hukumar ta ƙayyade ta ga wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ture karatu, aiki da zumunci na tsawon lokaci, kuma ƴan ƙalilan ne ke kaiwa nan. Hani ba tare da bayani ba yana mayar da wayar ƙarƙashin bargo ne kawai. Ya fi amfani a zauna da yaro a tambaye shi maki nawa ya rage masa, awa nawa zai ci, kuɗin intanet nawa zai tafi. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya fara ganin ƙugiyar da ke cikin naman. Kuma wasa sana'a ne ga masu ƙera shi: a Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan shiga rigar jarumi da aka gina a kan tunanin Afirka. Wanda ya fahimci lissafin mataki ya riga ya riƙe kashin bayan wannan aiki.

Akwai kuma darasi ga masu koyar da sana'a a Arlit da Akokan. Wasa yana riƙe yaro ne saboda yana nuna masa inda yake, da abin da ya rage, da abin da zai samu idan ya kai. Yaron gareji ko na shagon walda sau da yawa yakan yi shekaru bai san ranar da za a yaye shi ba. Maigidan da ya ce masa wata shida na farko kaza za ka iya, bayan nan zan ba ka kaza, kuma ya cika maganarsa, ya ƙwace babban makamin wayar. Makarantar ma'adinai ta EMAIR da ke Agadas da sauran cibiyoyin koyon sana'a tsani ne na gaske, ko da hawansu ya fi jinkiri.

Saboda haka, matasa, ku yi wasanku, amma ku riƙa tambayar kanku a ƙarshen kowane mako wane ne ya ƙaru, ku ko jarumin. Iyaye da iyayen gida kuma, ku sa wa yaranku matakan da ido ke gani a karatu da sana'a, ku yaba musu idan sun hau. Makin da ke cikin waya yana iya tafiya ranar da kamfanin wasan ya rufe na'urorinsa, amma sana'ar da ta zauna a hannu tana bin mai ita har tsufa.