Shin Ko Kun San? Ɗigon Baƙin Mai Tsakanin Adjamé da Treichville

Shin ko kun san cewa tun 1 ga Yuli 2018 ƙasar Kodebuwa ta daina karɓar ƙaramar motar da ta haura shekara 5 da fara hawa titi? Dokar, wadda aka sa wa hannu a Disamba 2017, ta ba ƙananan bas shekara 7, manyan motoci kuma 10. Amma ba ta kori tsofaffin da suka riga suka shigo ba, waɗanda mutanen Abidjan ke kira "France au revoir". Su ne har gobe ke jigilar jama'a, daga ƙananan bas na gbaka a tashar Adjamé zuwa tasi na woro-woro a Treichville, kuma da wuya ka duba inda suka kwana ba ka ga baƙin tabo a ƙasa ba.

Ko kun san ɗigo ɗaya a minti ba abin rainawa ba ne? Kimanin ɗigo 20 ke cika mililita ɗaya. Motar da ke aikin awa 12 tana ɗigar ɗaya duk minti za ta zubar da kusan lita guda a wata. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a sandar awon mai ita ma lita ɗaya ce, alhali injin gaba ɗaya lita 4 ko kusa da haka yake sha.

Shin kun san inda mai ya ɗiga ba lallai nan ne yake fita ba? Nan ne masu mota suka fi yin asara. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, sai ka ga kaskon ƙasan inji ya jiƙe sharkaf alhali ciwon yana can sama. Bakaniken kirki ba ya ɗaukar sifana sai ya wanke injin tas, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗa hodar jarirai a wuraren da yake zargi, sannan ya tayar da mota ta yi minti goma. Man zai zana layi baƙi a kan farar hoda. A bi layin zuwa sama. Inda ya ƙare, nan ne bakin yoyon. A ganina, duk wanda ya ce a sauke inji bai yi wannan gwaji ba, a nemi wani garejin.

Kwali ma shaida ne. Karɓi guda wurin mai garba na bakin layi (wannan attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna, wanda ya samo sunansa daga 'yan'uwanmu Hausawan Nijar masu sayar da shi), ka shimfiɗa ƙarƙashin mota ta kwana. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, galibi man giya ne na mota mai canza giya da kanta. Kore ko ruwan hoda, daga lagireto yake. Ruwa garai kuwa na na'urar sanyi ne, ba komai.

Ko kun san yoyo da yawa daga wurin juyen mai yake farawa, wanda a Abidjan ake ce wa vidange? Notin zubar da mai yana da 'yar washa ta jan ƙarfe ko alminiyom da aka yi don a matse ta sau ɗaya kawai. Ana ta mayar da tsohuwa, ta daina riƙewa, sai yaron gareji ya ƙara ɗaure notin da ƙarfi har zaren ya lalace. Wani lokacin kuma robar tsohuwar filta ce ke maƙalewa a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta.

Sai gasket ɗin murfin saman inji. Zafi ne ke busar da shi har ya tsattsage, ga cunkoson gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da ta De Gaulle ta 1967, inda inji ke dahuwa a tsaye. Alamarsa ƙaurin mai yana ƙonewa a kan salansa. Gyaransa bai kai awa ɗaya ba a injuna da yawa, muddin ba a cika masa gam ba, ba a kuma matse notinsa fiye da kima ba.

Shin kun san wani ɗan bawul da bai wuce babban yatsa ba, mai suna PCV, yana iya sa inji yoyo ta ko'ina? Aikinsa fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe, iskar ta rasa mafita, sai ta tura mai ta kowace roba. A canza roba goma, yoyon zai dawo.

Mai tsadar gyara ita ce robar bayan inji, joint spi a bakin makanikan Adjamé. Kuɗinta kaɗan ne, amma sai an sauke giya kafin a kai gare ta. Robar gaban inji kuma in ta jiƙa bel ɗin taimin, a canza shi tare da ita, domin mai yana cinye roba.

Ko kun san inda ɗigon ke ƙarewa? Ruwan saman Mayu zuwa Yuli yana wanke titunan Adjamé da Treichville, kwatoci su kai shi tafkin Ébrié. Masana muhalli sun ƙiyasta cewa lita ɗaya ta tsohon baƙin mai tana iya gurɓata lita miliyan ɗaya ta ruwa.