Vishi: Garin Da Baƙi Ke Hutawa, 'Yan Gari Na Wahala

Uwargida, kin taɓa jin garin da arzikinsa kaf ruwan sha ne? Vishi ke nan, a tsakiyar Faransa, bakin kogin Aliye. Maɓuɓɓuganta na fitar da ruwa mai ɗanɗanon kanwa, wani da sanyi, wani da zafi har ya haura digiri 40, kuma likitocin wancan zamani sun yarda yana maganin ciwon hanta da na ciki. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, wato 1918 zuwa 1939, kasuwar garin ta buɗe ƙwarai. A shekarun 1930 baƙi fiye da 100,000 ke zuwa duk shekara, alhali mazauna garin ba su wuce kamar 25,000 ba.

Baƙo kwana 21 yake yi. Likita ya rubuta masa maɓuɓɓugar da zai sha da yawan da zai sha, ya yi wanka, a yi masa tausa, da yamma ya tafi kallon wasa. To wa ke ɗauke da wannan hidima? Mata ne, 'yar uwa, mafi yawansu.

Fara da masu ba da ruwa. Tun da sassafe suke tsaye a bakin famfo cikin riga iri ɗaya, baƙo ya miƙo kofinsa mai zanen awo, wanda yake ratayawa cikin ɗan kwandon saƙa, su auna masa daidai yadda likita ya ce. A wuni ana tsaye, fuska a sake, domin ɗan ihsanin da baƙo zai bayar yana cikin abin da ake kai wa gida. Su dai ana ganinsu. Waɗanda ba a gani su ne masu wanki da guga, da masu gyaran ɗakunan otal, da masu wanke-wanke a madafa, da yawa daga cikinsu 'yan matan ƙauyukan kewaye. Ki ƙiyasta zannuwan gado da tawul na mutum dubbai a kullum, ke da wankin gida ɗaya ke sa ki ciwon baya.

Matar aure kuwa gidanta ne jarinta. Idan lokacin baƙi ya kama, daga Mayu zuwa wajen Oktoba, iyalai da dama kan ba da hayar ɗakunansu masu kyau da gado da kujeru, su takura a ɗan abin da ya rage. Ba don daɗi ba. Da sanyi ya shigo otal-otal sai su rufe, tituna su yi tsit, wasu ma'aikatan su gangara kudu bakin teku neman aikin hunturu. Abin da aka tara a wata biyar ko shida shi za a ci har shekara ta zagayo, kamar dai manomi da rumbunsa. Shi ya sa karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta zama abin fargaba ga mai ɗakin haya da mai wanki.

Wani abin da zai ba ki mamaki, cikin baƙin nan akwai Turawan mulkin mallaka masu yawa, sojoji da ma'aikata daga Aljeriya da Afirka ta Yamma, yankin da Nijar ke ciki. Zazzaɓin cizon sauro da zafin ƙasashenmu sun galabaitar da su, sai su zo hutu su "wanke hanta". Tun a 1847 aka buɗe wa sojoji asibitinsu a garin.

Yawan otal ɗin nan ne ma ya jawo wa garin abin da bai nema ba. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, gwamnatin Marshal Petain ta nemi wuri mai ɗakuna da yawa da layukan tarho na zamani, sai ta tare a Vishi cikin watan Yuli. Aka mai da ɗakunan kwana ofisoshi, kuma Nijar ta zauna ƙarƙashin wannan gwamnati har Nuwamban 1942.